Sun Faɗi Cikin Kaki, Ba Wanda Ya Riƙe Sunansu

Duk wanda ya tashi a ƙasar Mafara ko Maradun ya ji labarin Bakolori, ko daga bakin kakarsa ko a majalisar dattawa bayan la'asar. An datse Gulbin Sakkwato, aka gama ginin madatsar a 1978, ruwa ya ci gonaki da garuruwa, mutum wajen 13,000 suka tashi daga matsuguninsu. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma aka hana su noma damina bayan damina, wai sai kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gama baje ƙasa da haƙa hanyoyin ruwa. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Da tura ta kai bango, manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen wurin da masu binciken da suka biyo baya sun ce sun haura 380.

A cikin labarin nan akwai gawa ɗaya da ba a cika ambato ba. Kafin a turo babbar runduna, an fara arangama a bakin shingen manoma, aka kashe ɗan sanda. Mutumin nan ɗan wani ne. Ba shi ya auna gonar kowa ba, ba shi ya riƙe kuɗin diyya ba. An ce masa shiga mota, ya shiga. Yau babu mai ɗaukar sunansa. Mutanen Mafara ba za su ɗauka ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin abokan aikinsa ne suka dawo suka yi musu abin da har gobe ba su warke ba. Hukuma ma ba za ta so a ɗauka ba, domin duk wanda ya tambayi yadda ɗan sandan nan ya mutu, tambayarsa ta gaba ita ce: to sauran fa, wa ya ba da umarnin a harbe su? An kafa hujja da mutuwarsa na kwana biyu, daga nan aka binne zancensa tare da na waɗanda aka kashe da sunan ramuwarsa.

A ƙasar da yau ta zama Zamfara da Kebbi, an fi shekara 100 ana rasa masu tsaron doka a bakin aiki, daga dogarai zuwa 'yan doka zuwa 'yan sanda. Amma ka zauna a majalisa a Gusau ko Birnin Kebbi ka ce a kawo maka sunan mutum biyar da suka faɗi kafin 1990, sai wuri ya yi tsit. A ganina wannan mantuwa ba sakaci ba ne kawai. Tana da tushe, kuma hannun da ya share sunan mai kaki shi ne ya share sunan talakan da mai kakin ya harba.

Tushen ya girmi zuwan Turawa. A da, dogari ne mai tsaron doka a ƙasar Hausa: riga ja da kore, jan rawani, bulala a hannu. Shi ke kama ɓarawo, shi ke tsaron kasuwa da ƙofar gari, shi ke zartar da hukuncin alƙali. Da yawan dogarai bayin sarki ne ko 'ya'yan bayi, kuma wannan ya shafi yadda ake kallon mutuwarsu. In an kashe dogari a hanyar aike, sarki aka yi wa laifi, sarki ya yi hasara. Ƙasar nan tamu ƙasar makaɗa ce, kuma makaɗan fada su ne rumbun sunaye a wancan zamani. Sun riƙe mana sarakuna, sun riƙe 'yan sarki da jarumawan yaƙi, sun riƙe har sunayen dawaki. Wanda aka aika ya kamo ɓarawon shanu bai dawo ba, ba shi da mai yi masa kiɗa.

Da Turawa suka zo sai tsaron doka ya rabu biyu. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda asalinsu ke komawa ga dakarun Hausawa da aka kafa a Legas a shekarun 1860 da kuma rundunar Kamfanin Neja mai hedikwata a Lokoja, har aka haɗe na Arewa da na Kudu a 1930. Akwai kuma na En'e: an bar wa sarakuna dogaransu, sannan a shekarun 1920 aka fara sa wa wasu kaki, aka koya musu fareti, suka zama 'yan doka. A ɓangaren gwamnati, Bature ya fi son ya ɗauki mutum daga wata ƙasa ya kai shi aiki wata, don kada ya ji nauyin wanda aka ce ya daka. Dabarar ta yi wa Bature aiki, amma ta haifar da abin da muke gani. Mutum ya mutu cikin waɗanda ba su san uwarsa ba, labari kuma ya isa garinsu bayan wata guda, ba gawa, ba kabari. Ƙasar Zuru ta fi kowa sanin wannan. Tun zamanin Turawa take ba da 'ya'yanta ga aikin soja da na ɗan sanda, har da wuya ka shiga unguwa a Zuru ko Dabai ko Ribah ba ka tarar da gidan tsohon mai kaki ba. Da yawansu can nesa aka rufe su.

Mu dubi yadda su Turawan suka rubuta mutuwar mutanensu. Ranar 14 ga Fabrairu 1906, mukaddashin Razdan na Sakkwato ya ɗauki dakarun doki ya nufi Satiru, wani ƙauye kudu da birnin, don ya kama jagororin masu da'awar Mahadi. Sojoji ne, amma aikin kamu aka kai su. Mutanen Satiru, da gatari da fartanya da kibiya, suka tarwatsa su. Turawa uku suka mutu, kuma duk inda aka kawo labarin za a faɗa maka sunansu: Hillary, Scott, Blackwood. Tare da su aka kashe baƙaƙen sojoji 25. Su kuma adadi ne kawai. Ranar 10 ga Maris aka dawo da manyan bindigogi aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000. Su nasu ma ƙiyasi ne. Girgizar ta kai har Gwandu, inda aka tuɓe sarkin lokacin bisa zargin zuciyarsa na tare da masu tawaye. A 1909 kuma, a Gussoro ta ƙasar Gwari, cikin jihar Neja ta yau, aka yi wa wani jami'in mulki mai suna Vanrenen kwanton ɓauna aka kashe shi da 'yan sanda 11 da ke rakiyarsa. Sunansa ya shiga tarihi, su sha ɗayan suka tsaya a lissafi. A 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Bussa Kitoro Gani, suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, suka naɗa sabbin ma'aikatan En'e. A watan Yuni mutanen Sabukki, wani ɗan gidan sarautar Bussa, suka shiga garin suka kashe kusan rabin waɗannan ma'aikata. Tsohon garin Bussa kansa yana ƙarƙashin ruwan Kainji tun 1968.

Ka ga yadda aka jera mutane: babba yana da suna, kurtu yana da lamba, talaka sai ƙiyasi. Bature ya tafi a 1960, jerin bai tafi ba. Ka saurari sanarwar da ake fitarwa a yau in an kai hari. Za a kira sunan baturen 'yan sanda da muƙaminsa, sannan a ce "da wasu jami'ai", sannan a ce "da wasu mazauna yankin".

Ɗan doka shi talaka ya fi sani, don shi ke zuwa ƙofar gida. Lokacin haraji za ka gan shi bayan mai gari, da gajeren wando, kulki a hamata, igiya a aljihu. Lokacin jangali shi ke bin sawun shanu cikin daji da ƙafa, shi da malamin haraji, su kwana kusa da rugar mutanen da suka zo ƙirga wa dukiya, ba bindiga, ba waya, gidan hakimi kuma tafiyar yini ce. Wanda ya san abin da makiyayi ke iya yi a kan saniyarsa, ko ɗan fashi a kan hanyar fatake, ya san aikin nan sai da sayar da rai. Sai dai wannan ɗan dokan ne kuma aka saki a kan 'yan NEPU a shekarun 1950 da farkon 1960. Shi ke tarwatsa taro don ba a ba da izini ba, shi ke ɗaure mutum ya kora shi gaban alƙali, shi ke tsare wanda bai biya haraji ba cikin rana a ƙofar fada. Dattawan Gusau da Ƙauran Namoda da suka ga siyasar lokacin ba su manta ba. Mun kuma saba da cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, karin maganar da ke wanke mai ba da umarni ta ɗora kaya a kan ɗan aike. Haka ɗan doka ya kwashi ƙiyayyar da ta kamata a raba tsakaninsa da hakimi da Di'o da Razdan. In ya mutu, talaka ya ce Allah ya raka taki gona, ubangidansa kuma ya ɗauke shi kamar bulalar da ta karye a hannun mai duka, a jefar a yanko wata.

Bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta yanke shawarar rushe 'yan sandan En'e, kuma zuwa farkon shekarun 1970 an gama narkar da su cikin rundunar tarayya. Gyara ne da aka daɗe ana nema, kuma ya yi daidai. Amma ya bar matattun 'yan doka ba su da magaji. Hukumar da suka yi wa aiki ta mutu, wadda ta gaje ta kuma ba ta ɗauke su nata ba.

Sai kuma watsewar takardu. Gwandu da Argungu da ƙasashen Zamfara suna lardin Sakkwato ne. Yawuri ta fara zama a lardin Kwantagora. Zuru ta daɗe a lardin Neja kafin a dawo da ita jihar Sakkwato a 1976. An yi jihar Arewa maso Yamma a 1967, jihar Sakkwato a 1976, Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. Duk rabon jiha ana raba motoci da gidaje da ma'aikata, tsofaffin fayiloli kuma a bar su a wani sito ga gara da yoyon damina. Wanda ke neman labarin ɗan dokan da aka kashe a ƙasar Anka ko Bunza a 1940 da wani abu, sai ya bi gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ya leƙa Gidan Arewa, ya dawo cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, sannan ya roƙi fada ta buɗe masa abin da ya rage. Ɗan talaka mai neman sanin yadda kakansa ya mutu ba shi da kuɗin wannan zirga-zirga.

Wasu za su ce ai addini ne ya hana mu. Musulmi ba ya gina kabari, ba ya kafa gunki, gawa ba ta kwana, bayan 'yan shekaru ko 'ya'yan mamaci sai su kasa nuna inda yake. Haka ne, kuma ba na neman a sauya ko ɗaya daga ciki. Amma rashin gina kabari daban, zubar da suna daban. Malaman sira sun jera mana waɗanda suka yi shahada a Badar da Uhudu, mutum da sunan ubansa da ƙabilarsa. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta mayaƙa da haƙƙin iyalansu. A nan gida, Malam Abdullahi na Gwandu ya yi wa abokansa da suka faɗi a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa marsiyya, kuma Alwasa a ƙasar Kebbi take. Akwai hadisin da ya ce ido biyu wuta ba za ta taɓa su ba, idon da ya yi kuka don tsoron Allah da idon da ya kwana yana gadi saboda Allah. Al'ummar da ke da wannan gado ba ta da hujjar cewa rubuta sunan mai gadi baƙon abu ne. Ga shi kuma a ƙasar Zuru, inda Kiristoci da yawa ke rubuta suna a kan kabari, sunan bai wuce maƙabarta ya shiga wani littafin hukuma da jama'a za su iya dubawa ba. Ashe matsalar ba ta masallaci ba ce, ba ta coci ba ce.

Inda mantuwar ta fi ciwo shi ne cikin gida. Wanda ya taɓa maƙwabtaka da bariki ya san yadda abin ke zuwa. Mota ta tsaya, saje ya fito da hularsa a hannu, matan layi su riga shi shiga ɗakin. Bayan sadakar bakwai a kawo akwatinsa na ƙarfe, da takalmi, da bel, da ragowar albashin wata in an yi sa'a. Ita matar tana cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba ta zuwa ko'ina, amma ɗakin na hukuma ne, kuma akwai wani kofur da aka yi wa canjin wurin aiki yana jiran mabuɗi. Don haka wan mamacin ne ke barin gonarsa ya ɗauki jakar leda ya fara bin ofisoshi: takardar shaidar mutuwa, takardar ɗaukar aiki, takardar ƙarin girma ta ƙarshe, takardar kotu mai nuna su wane ne magada, hotuna. Can sai a gano cewa magajin da mamacin ya rubuta tun yana kurtu, kafin ya yi aure, mahaifinsa ne, shi kuma ya rasu shekara goma da suka wuce. A koma kotu. In ya dawo, akawu ya dube shi da tausayi ya ce, "Baba, fayil ɗin bai sauko ba tukuna, ku ƙara haƙuri, ku dawo bayan salla." Salla ta wuce, wata ta zo. A ƙarshe kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, ya ce wa matar ƙanensa, "Mu bar wa Allah." Yaran da suka tashi a gidan nan abin da suka riƙe game da aikin ubansu shi ne jakar ledar.

A takarda, doka ta yi tanadi. Tun dokar gyaran fansho ta 2004 aka wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Amma mun ga abin da ya faru da kuɗin fanshon 'yan sanda. A 2013 wani babban jami'in ofishin, John Yakubu Yusufu, ya amsa laifin hannu a sace sama da naira biliyan 20, kotu ta ba shi zaɓin biyan tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara 6 da biyan naira biliyan 22.9. Irin wannan sata ba ta yiwuwa sai inda babu jerin sunaye a fili. In ba wanda zai iya dubawa ya ga wa ya mutu, yaushe, wa ya gaje shi, an biya ko ba a biya ba, to mai riƙe da alƙalami yana iya rayar da matacce ya ci albashinsa, ya kuma kashe haƙƙin maraya ba wanda ya sani.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Amurka akwai bango a birnin Washington da aka buɗe a 1991, ɗauke da sunayen jami'an tsaron doka fiye da 20,000 da suka mutu a bakin aiki, na farkonsu tun 1786. Abin da ya fi jan hankalina ba bangon ba ne, aikin da ke bayansa ne. Kowace shekara a watan Mayu ana ƙara sunaye, kuma a cikinsu har da na mutanen da suka mutu shekara 100 da suka wuce, waɗanda wani mai bincike ko wani jika ya tono daga tsohuwar jarida. Indiya ma ta ware 21 ga Oktoba saboda 'yan sandanta 10 da aka kashe a kan iyakarta da Sin a 1959. Mu a nan sojoji suna da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. 'Yan sanda sai a 2025 aka fara yi musu rana ta ƙasa, 7 ga Afrilu. Abu ne mai kyau, amma fareti da jawabi suna ƙarewa da azahar. Rajista ce ke zama.

Akwai tambayar da na san tana cin zuciyar mai karatu, musamman wanda aka taɓa karɓe wa kuɗi a shingen hanya, ko aka tsare ɗan'uwansa a caji ofis ba laifin tsaye ba na zaune. Don me za mu karrama waɗanda suka dake mu? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan ce duk wanda ya mutu cikin kaki mutumin kirki ba ne. A cikinsu akwai wanda ya faɗi yana kare kasuwa daga 'yan fashi, akwai wanda ya faɗi yana ƙwatar gonar wani bisa umarni, akwai wanda ya yi duka biyun a rayuwarsa. Rubuta suna ba wanke mutum ba ne. Hisabi na Allah ne. Abin da rajista ke yi shi ne ta tilasta a faɗi abin da ya faru: wane ne, wa ya aike shi, aikin me, da wane makami, su nawa ne, wa ya mutu tare da shi a ranar ta kowane ɓangare. Da zarar an amsa waɗannan, ido zai tashi daga kan kurtu ya koma kan wanda ya sa hannu a takardar umarni. Shi ya sa masu mulki, na jiya da na yau, suka fi jin daɗin a ce "jami'ai da dama" a wuce. Dubi Kano a Disamban 1980. 'Yan sanda ne suka fara faɗuwa a hannun mabiya Maitatsine a filin Shahuci, kuma saboda an kafa kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu, har yau muna da adadin 4,177 da za mu riƙe, muna da bayanin yadda aka yi sakaci aka bar abin ya girma. Inda aka ƙirga gawa, an sami abin tuhumar hukuma da shi.

Zancen nan ba na tarihi ba ne kaɗai, domin abin da aka yi wa na da shi ake yi wa na yanzu, kuma yanzu ne ma aka fi mutuwa. A ƙarshen Nuwamban 2018, bayan artabu a dajin yankin Birnin Magaji, rundunar 'yan sanda ta fara cewa jami'i ɗaya ta rasa, bayan 'yan kwanaki ta amsa cewa 16 ne. A Afrilun 2021 aka kashe baturen 'yan sanda na Sakaba da jami'ansa 8. Ranar 18 ga Yulin 2021 aka kashe 13 a Kurar Mota ta ƙaramar hukumar Bunguɗu. Shekaru kaɗan ke nan, amma sunayen sun riga sun fara dusashewa. Yaron da ke tunanin shiga aikin nan yana kallo. Wanda ke cikin aikin ma yana kallo, kuma mutumin da ya san in ya mutu 'ya'yansa za su koma bara, ko dai ya gudu in an ji ƙarar babura, ko ya tara abin da zai bar musu daga aljihun direbobi. Wani ɓangare na cin hancin da muke kuka da shi a kan hanya daga nan yake tsirowa, ko da yake wannan ba uzuri ba ne ga mai karɓa.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Akwai sashen tarihi a jami'o'in da ke Gusau da Birnin Kebbi da Sakkwato, kuma kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. A raba musu gundumomi. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, da na Anka da Gusau da Ƙaura da Mafara da sauransu, har yau suna da Sarkin Dogarai, kuma a irin waɗannan gidaje ana gadon labari kamar yadda ake gadon rawani. Ƙungiyoyin tsofaffin 'yan sanda suna taruwa a kan maganar fansho, kuma kowane tsohon sufeto yana riƙe da sunan abokan da aka kashe a gabansa. Sai dai lokaci ba ya jira. Wanda ya shiga aikin ɗan doka yana ɗan shekara 20 a 1965, yau ya kai 80. Abin da aka tara a buga shi da Hausa, da boko da ajami, a ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma da fada da intanet, a bar fili a gefe don wanda ya san wani abu ya ƙara ko ya gyara. In ana son abin da ido zai gani, a haƙa rijiya ko a gina aji da sunan mamatan gunduma, ya zama musu sadaka mai gudana.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu tsaron da ba na tarayya ba. A Maris ɗin 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna guda a yankin Sakaba, mutanen da ba su da lambar aiki, ba su da fayil, ba su da inshora. A Janairun 2024 gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa, wato jami'an tsaron al'umma na jiha, fiye da 2,600, kuma tuni an fara rasa wasunsu a daji. Matsayinsu ɗaya da na 'yan dokan jiya. Hukumar gida ce ta ɗauke su, ana yabon su a wani gari ana kuka da su a wani, kuma wata gwamnati na iya zuwa gobe ta rushe rundunar. Kafin ranar ta zo, ya kamata majalisun dokokin jihohin biyu su sa a doka cewa duk wanda jiha ta ba kaki ko ta amince ya ɗauki makami da sunanta, in ya mutu a bakin aiki, za a buga sunansa da garinsu da wurin da ya faɗi cikin wata guda, tare da sunayen fararen hular da suka mutu a wannan artabun, a kuma bayyana ranar da aka biya magadansa da nawa aka biya.